An rufe makarantu a rana ɗaya, wa ya ƙirga yaran da ba su dawo ba?

Jiya da la'asar na haɗu da wata tsohuwar ɗalibata a bakin kasuwa, goye da yaro, da farantin gyaɗa a ka. Ta durƙusa ta gaishe ni. Na ce mata ina karatu? Ta ce, "Malam, ai tun hutun korona ban koma ba." Tana aji biyar aka rufe makaranta, kuma a lokacin babu wanda ya fi ta iya karanta Hausa a ajina. Na kwana da maganar a raina, shi ya sa nake rubuta wannan.

Ni malamin firamare ne a cikin garin Sakkwato, kuma ba na cikin masu cewa korona ƙarya ce. An samu mutum na farko da ita a Legas ranar 27 ga Fabrairu 2020, kafin ƙarshen Maris an rufe makarantu, a watan Afrilu kuma ta shigo jiharmu. A lokacin babu wanda ya san iyakar cutar, kuma duk wanda ya ga abin da take yi a Italiya ba zai zargi gwamnatin Aminu Waziri Tambuwal don ta ce yara su zauna gida ba. An kafa kwamiti, an keɓe wurin killace marasa lafiya a Amanawa, ma'aikatan lafiya sun sayar da rai sun yi aiki. Allah ya saka musu da alheri. Wannan ban da ja a kansa.

Inda nake da ja shi ne abin da ya biyo bayan rufewar. Rufe makaranta sanarwa ce kawai, a karanta a rediyo da dare, da safe a sa kwaɗo a ƙofa. Dawo da yaro aji kuwa aiki ne na bin gida gida, kuma wannan aikin ban ga an ba shi rabin ƙarfin da aka ba rufewar ba. 'Yan ajin ƙarshe na sakandare sun koma a watan Agusta don jarrabawar WAEC, sauran yara suka yi ta zama har wajen Oktoba. Wata shida da ɗoriya ke nan. Ɗan ma'aikaci a cikin gari yana da mai koya masa a gida, ko wayar da zai duba darasi. Ɗan manomi a Gudu ko Tangaza fa? An ce a saurari darasi a rediyo. To rediyon na maigida ne, yana rataye a kafaɗarsa a gona ko a majalisa, kuma damina ta faɗi, yaron ma yana gonar. Yarinya kuwa an ɗora mata talla, kuɗin tallar ya shiga lissafin cefanen gida, daga nan sai maganar aure ta taso. Ranar da muka buɗe, bencin 'yan mata na baya wayam na same shi. Na kira suna a rajista, ana amsa min da "ta yi aure", "ya tafi ci-rani", "sun tashi".

Kuma ba mu gama farfaɗowa ba aka sace ɗaliban Ƙanƙara a Katsina a watan Disamba 2020, aka rufe wasu makarantun kwana a nan ma saboda tsaro. Mutanen Sabon Birni da Isa su korona ma ba ita ce babbar damuwarsu ba a shekarar, 'yan bindiga ne. Yaron da annoba ta fitar daga aji, tsoro ya hana shi komawa.

Abin da ya fi ci min rai shi ne, wannan jiha ce da ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi tun 2015, aka ɗora Mai Alfarma Sarkin Musulmi Muhammad Sa'ad Abubakar a kan kwamitin tuntuɓa. Muna da uwayen ƙasa, da hakimai, da masu unguwanni da suka san kowane gida da yawan 'ya'yansa. Rajistar kowace makaranta tana nan a ofishin hedimasta. Me zai hana a ɗauki rajistar Maris, a gwada da ta Oktoba, a miƙa wa mai unguwa sunayen da suka ɓace? Ba ya buƙatar kwangila, ba ya buƙatar tallafin waje. Ni da abokan aikina mun bi wasu gidaje da ƙafafunmu, mun dawo da waɗanda Allah ya sa muka iya, amma malami shi kaɗai idan ya yi sallama a ƙofar gida, roƙo kawai yake iya yi.

Sai maganar allura. Kashin farko na rigakafin korona ya sauka Abuja ranar 2 ga Maris 2021, kusan miliyan 4 na AstraZeneca. Na je an yi min, kuma ina shaida ban ga komai ba sai ciwon hannu na kwana biyu. Amma da na yi wa wani dattijo maƙwabcina magana ya je, sai ya ce, "Ɗana, in ɗiyata ta kwanta da masassara, da kuɗina nika sayen magani. Mi ya sa wagga ita kaɗai kyauta ta, har ana biyo mu da ita?" Ban ga jahilci a tambayar nan ba. Mutumin da ya kai matarsa awo ya tarar babu ma'aikaciya, ya ga sanƙarau ya kwashe yara a 2017, ya ga amai da gudawa a 2021, yana da dalilin tambayar me ya sa aka fi damuwa da wannan cutar. Kuma Arewa ba ta manta gwajin maganin Pfizer a kan yaran Kano a 1996 ba, wanda yana cikin abin da ya haddasa ƙin allurar shan inna a 2003.

Amma ai mun san yadda aka shawo kan waccan. Sarakuna ne da malamai suka shiga gaba, suka ɗiga wa 'ya'yansu a bainar jama'a, mata 'yan unguwa suka shiga gidaje shekara da shekaru, har aka wayi gari ranar 25 ga Agusta 2020 aka ce Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta asali. A tsakiyar korona aka yi wannan shela. Hanyar tana hannunmu, amma a allurar korona an fi dogara da hoton manya suna naɗe hannun riga a talabijin. Da yawa daga waɗanda na sani sai da Saudiyya ta sa katin allura cikin sharuɗɗan aikin Hajjin 2022 suka je da kansu. Wannan ya nuna min mutanenmu ba gudun allura suke ba, dalili suke nema daga bakin wanda suka yarda da shi.

Ina roƙon gwamnatin Ahmed Aliyu, da 'yan majalisarmu na jiha, a koma wa rajistar 2020 a ƙananan hukumomi 23 ɗin nan. Waɗanda suka yi aure a buɗe musu ajin yamma ko na yaƙi da jahilci kusa da gida. A rubuta tun yanzu abin da za a yi wa karatun yara idan wata annobar ta sake tilasta rufewa, da wanda zai bi sawunsu ranar buɗewa. Asibitin sha-ka-tafi na ƙauye kuma a sa masa ma'aikaci da maganin zazzaɓi tun kafin a zo neman hannun mutane da allura.

Kafin mu rabu, ɗalibar tawa ta ce tana da ƙanwa 'yar shekara bakwai da ba a sa ta boko ba. Na ce ta gaya wa Inna ta kawo min ita ranar Litinin, ko babu yunifom.