Yaron da ke fashin boko shi ke rige-rigen zuwa Islamiyya

A firamaren da 'yata ke zuwa a nan Birmingham, duk Juma'a ana tara yara a kira sunan gwarzon mako a miƙa masa takardar yabo. Dokar Ingila ta hana ajin ƙananan yara ya wuce mutum 30, abincin rana kyauta ne a shekaru ukun farko tun 2014, bulala kuwa majalisa ta haramta ta a makarantun gwamnati tun 1986. Idan na ba 'yan uwa na Jos wannan labari sai su ce, to ai dole yaro ya so karatu.

Ni dai ban gamsu ba. Bayan korona, kusan ɗaya cikin biyar na ɗaliban Ingila sun koma masu yawan fashin makaranta, har ana cin iyaye tarar fam 80. Ga kujera mai laushi, ga kwamfuta, ga ɗumi a aji, amma yaro ya ƙi fitowa daga bargo.

Yanzu a leƙa Anguwan Rogo ko Gangare ko Rikkos a Jos bayan La'asar. Yaron da da safe sai an raka shi boko da tsawa, shi ne da yamma zai suri jakarsa da gudu kada a fara hadda babu shi. A kan tabarma zai zauna, wani lokaci cikin sanyin Jos na Disamba mai sa yatsu ƙanƙarewa. Me ya ja shi? Yana ganin inda ya kai. Ya san ya bar Sabbi ya shiga Amma, ya san izu nawa suka rage cikin sittin. A makarantar allo ma haka ne: daga babbaƙu zuwa farfaru, malam ya saurari karatunka kai kaɗai, in ya zauna ya ce je ka wanke. Wannan "je ka wanke" ya fi duk wata takardar yabo ta Turawa daɗi a kunnen yaro, domin bai samu ba sai da ya iya. Ranar sauka kuma a yi walima, a zayyana allo, gwaggo ta zo daga Bauchi, unguwa ta shaida. Ga musabaƙa, wadda jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ke shiryawa ta ƙasa tun 1986, kowane ɗan hadda ya san akwai ta a gaba. Ba na cewa babu dorina a can. Akwai, kuma ta kori yara da yawa. Amma ba ita ke sa su gudun nan na yamma ba.

A ajin boko na gwamnati fa? Yara cunkus, malam ya cika allo da Turanci, a kwafa, a tashi. Sai ƙarshen zango a ce kai ne na kusa da ƙarshe, Baba ya duba katin sakamako ya yi tsaki. Tsakanin nan babu wanda ya ce maka ga abin da ka iya yau wanda jiya ba ka iya ba. Abin da malamar 'yata ta fi mu shi ke nan, kuma ba kayan aiki ba ne: tana zama da yaro ya karanta mata shafi guda, ta rubuta masa matakin da ya hau. Malamin allo ya daɗe yana yin haka.

Sai dai wa zai yi wannan zama da cikinsa babu komai? A 2020 Buhari ya yi wa malamai alƙawarin tsarin albashi na musamman. Ƙarin shekarun ritaya zuwa 65 ya zama doka a 2022, albashin kuwa malaman jihohi na ta jira. A 2025 malaman firamare na Abuja sun shafe fiye da wata uku suna yajin aiki kan mafi ƙarancin albashi na naira 70,000. Ƙanina da ke koyarwa a Jos ana tashi yake wucewa kasuwar Farin Gada ya taya wani tsaron tumatir, littattafan yaran kuma sai Asabar yake samun duba su.