Daga tasha zuwa tasha a Maradi, ƙafa ta shiga uku

Wai don Allah, mai sauya mota a Maradi laifin me ya yi? Ka sauko daga motar Dakoro kana neman ta Ɗan Isa, sai ka ratsa gari da buhu a ka! Ina hanyar masu ƙafa? Gefen kwalta yashi ne mai haɗiye silifa, inda ba yashi mai tebur ya baje kaya, ka hau kwalta kabu-kabu na hura maka oda, adaidaita na goga maka kafaɗa, amalanke na biye. Watan Afrilu zafi ya haura digiri 40, inuwar bedi kuwa masu shayi sun rigaye ka. Da damina leda ta toshe magudanai, ruwa har ƙwauri, sai zagaye unguwa guda! Tsohuwa mai jika goye fa, ta tashi sama?