Ranar da batir ya sa na kira Inna

Har yau in na ji an ce "Injiniya" sai gabana ya faɗi, kuma mai raken bakin filinmu ne ya ja min.

Kun dai san babbar motar nan mai rimot da na yi oda daga Chana, wadda Maman yara ke kira "kuɗin siminti". Ƙaramar da nake wasa da ita a da batir mai gida biyu take ci, ban taɓa ganin abin tsoro a jikinta ba. Ita wannan wani batir da ake kira LiPo 6S ake sa mata, gida shida, kowanne volt 4.2 in ya cika, jimla 25.2. Ranar Asabar daga wajen ɗaurin aure, ko farar shaddar ban cire ba, na ɗauke ta sai fili.

Yara suka yi min zobe. Ana cikin haka sai ga Kawu, ƙanin baban Maman yara, ya taso daga la'asar da carbi a hannu.

"Wannan ce motar da ake ta faɗa?"

Na rusuna na ce, "Ita ce, Kawu. Ai ba ta yara ba ce, harkar fasaha ce."

Da bakina na faɗi haka. Na tattare riga, na tsuguna, na kama filogin batir da dama, na mota da hagu, har da ɗan gyaran murya.

Tas!

Wani shuɗin tartsatsi ne ya fito, bai kai ƙwayar gero biyu ba in za a faɗi gaskiya. Amma ƙarar kamar an fasa min leda a cikin kunne. Ban san lokacin da na yi jifa da batirin ba, ban san lokacin da na ce "Wayyo Inna!" ba. Inna fa. Ni da furfura a gemu, ita kuma tana can ƙauye tana tsinkar zogale, ba ta ji ba ba ta gani ba. Na yi baya zan miƙe, na taka gefen riga, na zauna daɓas a kan ɓawon rake da abin da mutane suka tauna suka tofar tun safe. Hula ta yi nata wuri, tana gangarawa a hankali kamar ita ma ba ta son a ce tare muka zo. Na ɗaga hannu ina duba yatsuna ɗaya bayan ɗaya. Ko gashi bai ƙone ba. Da ma a ce na ɗan ji ciwo, da na sami abin nunawa.

Sai wani ɗan yaro, bai fi shekara tara ba, ya ɗauki batirin ya kakkaɓe, ya soka filoginsa cikin na motar. Shiru. Ko ƙyas. Motar ta yi ƙaranta sau shida, tana ƙirga gidajen batir, ni kuwa ji nake kamar ƙirga min kunya take yi.

Kawu ya dube ni, ya dubi yaron, ya ce, "Sannu. Allah ya kiyaye gaba." Ya wuce. Kafin magariba labari ya riga ni shiga gida.

To amma mai rake. Mutumin nan shekara nawa ina cinikinsa, kullum sai ya cusa min kan rake, wajen da ba zaƙi, ban taɓa cewa uffan ba. Ranar nan dariya ya yi har wuƙa ta suɓuce masa, ya dafa baro yana share hawaye. Wannan na yafe, kowa ma ya dara. Abin da ban yafe ba shi ne ƙarin gishiri. Ranar Lahadi cewa yake wuta ta tashi har gwiwata. Zuwa Talata wai na ruga har bakin taransifoma ina salati. Wani ɗan acaɓa da ban taɓa gani ba ya tare ni yana min jaje, wai ya ji an kwantar da ni. Kuma yanzu ko daga nesa ya hango ni sai ya ɗaga wuƙa: "Injiniya, yau ba harbi?" A gaban 'ya'yana yake faɗa.

Daga baya na gane abin da ya faru, kuma sai ya ƙara min haushi. A cikin na'urar sarrafa gudun motar, wadda ake ce wa ESC, akwai kafasitoci, wasu 'yan ma'ajiyar wuta. In babu komai a cikinsu, da ƙarfe ya taɓa ƙarfe sai su zuƙi wuta gaba ɗaya, kamar an juye bokiti cikin randar da ta bushe. Tartsatsin ke nan, kuma kowane tas ɗaya yana ɗan cin bakin filogin, ya bar baƙin tabo, wata rana ya fara zafi. Wato ni na cika wa yaron nan kafasitocin da mutuncina, shi ya zo ya haɗa a sama.

Maganinsa filogin XT90-S ne, mai koren zane a jiki. Akwai ɗan resista, abin da ke rage gudun wuta, mai ohm 5.6 a bakinsa, shi wuta ke fara bi ta cika kafasitocin a hankali, kafin manyan ƙarafan su haɗu. Na saya, na kai wa wani mai gyaran waya ya yi min solda, macen a jikin batir, namijin a mota. A ɗaki na gwada sau uku, ƙofa a rufe. Lafiya lau.

Na koma fili don in wanke kaina, har na sayi rake da gangan don ya kalla. Sai dai hannu bai manta ba. Na tura filogin ina kau da fuska, ashe rabi ya shiga. Motar ta yi ƙara, na ɗauka shi ke nan, na matsa rimot. Ta ɗan yi tsalle ta tsaya, sai warin roba. Duk wutar da injin ke nema ta bi ta cikin ɗan resistan da aka yi don aikin ƙiftawar ido, ya ƙone. Shi filogin nan tura shi ake yi gaba ɗaya har ƙarshe, ba a tsayawa a hanya.

Na zare, na ɗan jira ya huce, na ce wa jama'a ƙaramar matsala ce. Na sake haɗawa.

Tas!

Wannan karon ban kira kowa ba, amma na zabura, kuma ya gani.

Na yi odar wasu guda biyu, an ce suna hanya. Motar tana ƙarƙashin gado. Yaron nan ya zo sallama sau biyu, wai in ina so zai riƙa haɗa min. Na ce a ce masa ba na nan. Raken kuwa yanzu a bakin titi nake saya, ya fi tsada, kuma shi ma kai yake ba ni.