Nasiha ga 'yan sikawut masu shirin kwana a daji

Ƙannena maza da mata da ke cikin ƙungiyar sikawut, na san irin ɗokin da ke cika zuciya idan aka tsayar da ranar fita sansani. Tun saura mako guda an goge yunifom, an ɗaure jaka an kwance an sake ɗaurewa, kowa yana ƙagara daren da za a kewaye wuta ana waƙa ya zo. Ba ni da niyyar rage muku wannan ɗoki, domin ni ma na yi shi a lokacina. Abin da nake so in ja hankalinku a kai wata ɗabi'a ce da na sha gani tana ɓata tafiya mai kyau, wato yaro ya ji jikinsa ba daidai ba, ko ya ga abin da zai cutar da wani, amma ya kama bakinsa don kada a ce masa rago.

Ku tuna yadda aka kafa wannan tafiya tun farko. A watan Agusta na 1907, Robert Baden-Powell, wanda ya kafa ƙungiyar sikawut, ya kwashi yara maza 20 ya kai su tsibirin Brownsea da ke kudancin Ingila, suka yi kimanin mako guda a cikin tantuna, kuma ya raba su rukuni huɗu, kowane rukuni da jagoransa daga cikin yaran. A ganina hikimar wannan rabo a fili take: a cikin taron mutum hamsin ana iya daɗewa ba a lura wani ya ɓace ba, amma a cikin mutum biyar ko shida, da zarar ɗaya ya rage fara'a ko ya ture abincinsa, sauran za su gani. Rukunin da ke yi wa mai rauni dariya ya rushe wannan tsari da hannunsa, domin ya koya wa kowa cewa ɓoye ciwo ya fi faɗinsa sauƙi.

Zan fi tsayawa a kan zafin rana, saboda shi ne abin da aka fi rainawa. Yara sun fi tsoron namun daji, alhali mafi yawansu za su gama sansaninsu ba su ga ko sawun ɗaya ba, ita kuwa rana tana tare da su tun daga safe. Galabaitar zafi tana farawa da ciwon kai, da jiri, da tashin zuciya, da ɗaurewar jijiyoyin ƙafa, kuma fitsari yakan ragu ya yi duhu. Wanda ya faɗi halin da yake ciki a wannan mataki, inuwa da ruwa da hutu sun ishe shi, musamman idan aka haɗa masa ruwan gishiri da sukari, wato ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri a cikin lita ɗaya ta ruwa mai tsabta. Wanda ya daure ya ci gaba da tafiya don a yaba masa, zafin jikinsa na iya haura digiri 40, ya fara sambatu ko tangaɗi, kuma a nan rayuwarsa ce ke cikin haɗari. Sai a jiƙa shi da ruwan sanyi nan take, a yi masa fifita, a nemi asibiti ba tare da jinkiri ba.

Kada wani ya ɗauka wannan matsala ce ta ƙananan ƙungiyoyi marasa kayan aiki. A babban taron 'yan sikawut na duniya da aka yi a Saemangeum ta Koriya ta Kudu a watan Agusta na 2023, inda kimanin mutum 40,000 suka hallara, ɗaruruwa sun kwanta saboda zafi tun a kwanakin farko, har tawagar Birtaniya da ta Amurka suka janye yaransu daga filin, sannan guguwar Khanun ta tunkaro aka kwashe kowa kafin wa'adi ya cika. Manyan shugabanni ne suka yanke shawarar naɗe tanti a gaban idon duniya, saboda haka ban ga dalilin da zai sa yaro ɗan shekara 13 ya ji kunyar cewa kansa na ciwo ba.

Haka maganar take ga ruwan sha. Ƙorama na iya yin garau tana ɗauke da ƙwayoyin cutar da za su kwantar da rukuni guda da gudawa, don haka a tafasa ruwa ya yi aƙalla minti ɗaya yana ɓararraka kafin a sha, kuma a haƙa ramin bayan gida nesa da ruwa da kimanin mita 60. Idan ka ga abokinka ya tsoma gorarsa a rafi ya kai baki, ka hana shi, ko da zai ce ka cika iyayi.

Akwai kuma kurakuran da ake yi da yamma, lokacin da kowa ya gaji. Busasshen rafi yana da yashi mai laushi da ke jan hankalin mai neman wurin kafa tanti, amma ruwan da aka yi a wani wuri mai nisa yana iya gangarowa cikin dare ba tare da ɗigo ɗaya ya sauka a kanku ba. Sanyin dare kuma yakan sa wani ya shigar da gawayi ko risho cikin tanti ya rufe ƙofa, alhali suna fitar da iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da wari ba ta da launi, tana kashe mutum yana barci. Sau da yawa akwai wanda ya san haɗarin a cikin tantin, sai dai mai shigo da wutar ya girme shi, shi ya sa ya ja bargo ya yi shiru. Ku da kuke manya a rukuni, wannan laifinku ne kafin ya zama nasa. Idan hadari ya taso, ku ƙirga tsakanin walƙiya da ƙarar tsawa, kowane daƙiƙa uku kimanin kilomita ɗaya ne. In ƙirgen bai kai 30 ba, ku sauko daga tudu, ku nisanci bishiyar da ke tsaye ita kaɗai, ku nufi gini ko mota, domin tanti ba ya kare kowa daga aradu.

Cizon maciji ma yana buƙatar a faɗa da wuri. Kada a tsaga wurin, kada a tsotsa, kada a ɗaure da igiya tamau, a kwantar da wanda aka sara, a hana gaɓar motsi, a cire zobe ko agogo kafin kumburi, a ɗauke shi zuwa asibiti. Da safe kuma a kakkaɓe takalmi kafin a zura ƙafa, saboda kunama na son ɓuya a cikinsa.

Wani shirun ya fi duk waɗannan nauyi a baki. Idan wani babba, komai muƙaminsa, ya nemi keɓewa da kai nesa da idon jama'a, ko ya ce ka riƙe wani sirri tsakaninku, ka gaya wa wani jagoran da iyayenka, kuma ke ma ƙanwata haka za ki yi. Biyayyar da aka koya muku ba ta haɗa da wannan ba.

Kada kowa ya bar sansani shi kaɗai, ko da ɗiban itace ne, a tafi bibbiyu a kuma sanar da jagora inda aka nufa. Wanda ya ɓace yakan ƙara nisa ne saboda yana son ya gano hanya da kansa kafin a san ya ɓata, har duhu ya rufe shi. In hakan ta same ka, tsaya inda kake, nemi inuwa, ka busa usur sau uku, ka saurara, ka sake busawa. Ku kuma da ke sansani, ku ƙirga kanku da safe, da lokacin cin abinci, da kuma kafin a kashe wuta, kowa ya amsa sunansa da bakinsa.