Hawan Jini: A Riƙa Tambayar Wadda Ke Jin Minsharin Maigida

Ranar 17 ga watan Mayu ta kowace shekara ce aka keɓe domin wayar da kai a kan hawan jini a duniya, kuma duk wanda ya saba sauraron shirye-shiryen gidajen rediyonmu a wannan rana zai iya karanto jawaban da ka tun kafin a fara: a rage gishiri, a rage magi, a guji kitse, a motsa jiki, a daina yawan tunani. Duk gaskiya ne. Abin da ke ɓata mini rai shi ne za a auna jinin jama'a kyauta, a raba takardu, a watse, da wuya ka ji wani ya ambaci barci, alhali kusan kashi ɗaya cikin uku na rayuwar mutum a kan shimfiɗa yake ƙarewa. Tun a shekarar 2022 Ƙungiyar Kula da Lafiyar Zuciya ta Amurka ta sanya barci cikin abubuwa 8 da take auna lafiyar zuciya da su, kafaɗa da kafaɗa da abinci da shan taba da suga da nauyin jiki, ta kuma ce baligi yana buƙatar awa 7 zuwa 9 kowane dare.

A wurinmu kuwa har yanzu minshari abin zolaya ne tsakanin abokan wasa, ko kuma a ce alamar gajiya ce, wai bawan Allah ya sha aiki yana barci mai nauyi. Wannan fahimta ce nake ganin tana kashe mutane a ɓoye. Matar da ke kwana ɗaki ɗaya da irin wannan magidanci ta san abin da likitansa bai sani ba: minsharin yakan cika ɗaki, sai ya yanke ɗif, ƙirji yana motsi amma iska ba ta shiga, har sai gabanta ya faɗi ta zungure shi, sannan ya yi firgigit ya ja numfashi da ƙarfi, ya juya ya ci gaba, da safe kuma ya rantse bai farka ba. Wannan larura ita ce ɗaukewar numfashi cikin barci, abin da ke faruwa kuma shi ne naman maƙogwaro yana saki lokacin barci har ya toshe hanyar iska na daƙiƙa 10 ko fiye, iskar oksijin ta ragu a cikin jini, ƙwaƙwalwa ta tayar da jiki a razane, zuciya ta ƙara gudu, jini ya hau. A wurin wanda larurar ta yi wa tsanani, hakan kan faru sau 30 ko fiye a cikin awa guda. Ga mai lafiya, awon jini yakan sauka da kashi 10 zuwa 20 cikin ɗari da dare, zuciya ta samu hutu, shi kuwa wannan tasa zuciyar a kan aiki take kwana.

Ba ƙaramar larura ba ce. Wani ƙiyasi da mujallar Lancet Respiratory Medicine ta wallafa a 2019 ya nuna cewa mutum miliyan 936 masu shekara 30 zuwa 69 ne ke fama da ɗaukewar numfashi cikin barci a duniya, miliyan 425 daga cikinsu matsakaiciya ce ko mai tsanani. Likitoci sun daɗe da sanin alaƙarta da shanyewar ɓarin jiki, da rikicewar bugun zuciya, da ciwon suga, musamman ma da hawan jinin da ya gagari magani.

A nan ne sakacin ya fi fitowa fili. Mutum zai yi ta zarya asibiti, an ɗora shi a kan ƙwayoyi uku, jini ya ƙi sauka, sai a tuhume shi da ƙin shan magani ko cin gishiri a ɓoye, a ƙara masa ta huɗu. Yana tashi da ciwon kai da bushewar baki, yana fita fitsari sau da yawa cikin dare, yana gyangyaɗi a wurin huɗubar Juma'a da bakin kasuwa, amma babu wanda ya haɗa waɗannan alamomi wuri guda. An bar jaki ana dukan taiki. Mafi muni, idan ya koka cewa barcinsa ba ya isarsa, sai ya wuce kemis a miƙo masa maganin barci, Valium ko makamancinsa, ba tare da takardar likita ba, ga shi kuwa irin waɗannan ƙwayoyi ƙara sakin naman maƙogwaro suke yi, su kuma danne farkawar nan da ke ceton ransa. Direban babbar mota da ke tasowa daga Legas zuwa Kano da irin wannan larura, yana korar gyangyaɗi da goro da lemon ƙara kuzari, haɗari ne ga kansa da duk wanda ya haɗa hanya da shi. Yara ma ba su tsira ba, domin kumburin naman wuya da na bayan hanci kan sa yaro minshari da kwana baki buɗe, abin kuma ya fi yawa tsakanin masu sikila, waɗanda raguwar oksijin da dare ke ƙara jefa jininsu cikin haɗari.

Masu cewa wannan damuwar Turawa ce, mu da zazzaɓin cizon sauro da kwalara ba su bar mu mun sarara ba, sai su leƙa ɗakin masu shanyewar ɓarin jiki a kowane babban asibiti su gani ko Turawa ne a kwance. Masu fakewa da tsadar na'urar CPAP, wadda likita Colin Sullivan ya ƙirƙiro a Ostireliya a farkon shekarun 1980 domin hura iska ta hanci cikin barci, da kuma rashin wutar da za ta kwana da ita, sun faɗi gaskiya, amma wace wuta ake buƙata kafin a tambayi majinyaci ko yana minshari, ko an taɓa ganin numfashinsa ya ɗauke, ko barci na kwashe shi da rana? Rage ƙiba da kwanciya ta gefe maimakon rigingine suna rage wa mutane da dama wannan matsala, amma sai an gano ta tukuna. Ya kamata waɗannan tambayoyi su shiga katin duk mai hawan jini, a riƙa neman ya zo da iyalinsa ranar ganin likita, hukumomi kuma su taka wa masu kemis burki a kan sayar da maganin barci ga duk wanda ya miƙo kuɗi.