Gorar roba da ke tashi sama ta fi allo iya koyar da dokar Newton

Ka tambayi ɗalibin sakandare dokar motsi ta uku ta Isaac Newton, zai kawo maka ita tiryan-tiryan kamar karatun hadda: duk abin da ya tura wani abu, wancan ma zai tura shi da ƙarfi daidai ta ɗaya ɓangaren. Ka ce ya nuna maka inda ya taɓa ganinta da idonsa, sai ya yi shiru. Tun 1687 aka buga wannan doka, amma yara da yawa suna gama makaranta suna ɗaukarta jimla ce da ake rubutawa don a ci jarrabawa. Ina ganin ƙaramin roka, irin wanda yaro zai haɗa da hannunsa, yana cikin mafi arhar hanyoyin magance wannan cuta, kuma ya kamata malaman kimiyya da lissafi su ɗauke shi da muhimmanci.

Mafi sauƙinsa rokan ruwa ne. Gorar roba mai cin lita biyu, a zuba ruwa kamar kashi ɗaya cikin uku, a toshe bakin, a kifa ta, a dinga ɗura mata iska da famfon keke. Da an saki murfin, iskar da aka matse za ta fesar da ruwan ƙasa, gorar kuma ta yi sama. Yaron da ruwan ya jiƙe masa riga ba ya bukatar a sake yi masa bayanin me ya tura me.

Sai dai nan ne wurin da nake so a tsaya, domin a nan ake yawan yin kuskure. Idan aka harba gora, yara suka yi ihu, aka tafa, aka koma aji, to biki aka yi kawai. Amfanin abin yana cikin hasashe da awo. Kafin a harba, kowane rukuni ya rubuta abin da yake zato: wane yawan ruwa ne zai kai gorar nesa? Yawancin yara za su ce a cika ta taf. Su gwada, su ga ta yi nauyi ta kasa, ga shi babu isasshen wurin iskar da za ta tura ruwan. Wasu su ce a bar ta babu ruwa don ta yi sakayau, su ma su ga ba ta je ko'ina ba, saboda iskar da ke fita ba ta da nauyin da zai ba ta turi mai ƙarfi. Bayan gwaji biyar ko shida, a zana sakamakon a takarda, layin ya hau ya kai ƙololuwa ya sauko. Yaron da ya zana wannan layi da alƙaluman da shi ya auna ya fahimci mene ne jadawali fiye da wanda ya kwafi ashirin daga allo.

Haka lissafin kusurwa, wanda ɗalibai da dama ke gudu kamar dodo. Yaya za ka san tsawon da roka ya kai alhali ba ka da tsani? Yaro ya tsaya mita 50 daga wurin harbawa, riƙe da ma'aunin kusurwa da aka rataya wa zare da ɗan ƙarfe, ya saita shi daidai inda rokan ya tsaya kafin ya juyo. In kusurwar digiri 45 ce, rokan ya kai kimanin mita 50. In digiri 30 ce, kimanin mita 29. Ga tanjant, wato lissafin da ke fitar da tsawo daga kusurwa da nisa, ya fito daga littafi ya yi aiki. Kuma idan yara biyu suka auna harbi ɗaya suka samu amsa daban, kada malami ya yi saurin raba gardama. Ya bar su su gano cewa iska ta karkatar da rokan, ko hannun ɗaya ya yi rawa. Sanin cewa kowane awo yana da ɗan kuskure darasi ne da wasu ba sa samu sai a jami'a.

Akwai kuma batun daidaito. Roka ba ya tafiya a miƙe sai cibiyar nauyinsa tana gaba da wurin da iska ke dannarsa, shi ya sa ake ƙara ɗan nauyi a hanci, a liƙa fikafikai a gindi. Ana gwadawa ta ɗaure shi da igiya a juya shi a kewaye: in hancin ya ci gaba da fuskantar gaba, ya yi.

Masu jan ƙafa suna da hujja, kuma babbarsu ita ce haɗari. Gaskiya ne, tarihi ma ya shaida. Bayan Tarayyar Sobiyet ta harba Sputnik, tauraron ɗan Adam na farko, ranar 4 ga Oktoba 1957, matasa a Amurka suka dinga haɗa albarushi da sinadarai a cikin bututun ƙarfe, wasu suka rasa yatsu, wasu idanu. Wannan ne ya sa wasu Amurkawa biyu masu sha'awar roka, Orville Carlisle da G. Harry Stine, suka yaɗa tsarin da ake bi har yau: jikin roka na kwali da katako mai sauƙi da roba, injin kuma ƙerarre daga masana'anta, a kunna shi da lantarki daga nesa, ya sauko da laima. Injinan suna da haruffa, A, B, C, kowane harafi ninki biyu na wanda ya gabace shi a iyakar ƙarfi, wanda shi kansa darasin lissafi ne. Matsayina a nan ba sassauci: babu malamin da ya kamata ya bar yaro ya haɗa makamashin roka da kansa. Inda babu irin waɗannan injina, ko doka ba ta yarda ba, rokan ruwa ya wadatar, a fili mai faɗi, yara a nesa, ba gorar gilashi ba, ba wanda zai leƙa gora bayan an fara ɗura iska.

Hujja ta biyu ita ce lokaci, wai manhaja ta yi yawa. Amma gora ɗaya ta taɓo dokokin motsi, matsin iska, gudu, kusurwa da zana jadawali, duk abubuwan da manhajar ta riga ta ƙunsa a babi dabam-dabam.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne wanda ya fitar da lissafin da har yau ake auna tafiyar roka da shi, Konstantin Tsiolkovsky, malamin makaranta ne a garin Kaluga na Rasha, kuma kunnensa ba ya ji sosai tun yana yaro. A 1903 ya buga aikin. Rokan farko mai amfani da makamashin ruwa-ruwa, wanda masanin kimiyya ɗan Amurka Robert Goddard ya harba ranar 16 ga Maris 1926, bai wuce mita 13 a sama ba, cikin daƙiƙa biyu da rabi ya faɗo. Gorar da 'yan aji ɗaya za su harba da famfon keke tana iya wuce wannan tsawo, kuma ina so a gaya musu haka bayan sun auna nasu da hannunsu.