Ba kowa ne ya yi rawa ranar 14 ga Yuli ba

Jama'a duk shekara idan Faransa ta yi faretinta na 14 ga Yuli sai ka ɗauka tun fil'azal kan mutanen ƙasar a haɗe yake a kan wannan rana, alhali ina! Sai a 1880 aka mayar da ita ranar ƙasa, kuma a lokacin masu son a dawo da sarauta da 'yan Katolika da yawa zaman makoki suke yi, a rufe tagogi ruf, wani limamin cocin ma ya ce atafau ba za a kaɗa ƙararrawarsa don bikin ba, a yi ta sa-in-sa da magajin gari.

To me za su yi tunda mulki ya kuɓuce musu? Sai suka koma ga zane. Akwai jaridar barkwanci ta 'yan sarauta, Le Triboulet, da aka kafa a 1878, ga mujallar Katolika Le Pèlerin. Matar nan Mariyan, wadda 'yan jamhuriya ke zanawa tsaf-tsaf da jar hula a matsayin alamar ƙasa, su kuma sai su zana ta mummuna buzu-buzu kamar 'yar tasha, har suna suka laƙaba wa jamhuriyar, La Gueuse, wato matsiyaciya. Hujjarsu kuwa ɗaya ce suke ta nanatawa: ranar da kuke murnarta, a 1789 da jama'a suka fasa kurkukun Bastil a farkon juyin juya hali fursunoni bakwai kacal aka tarar a ciki, kuma aka sare kan shugaban kurkukun aka soke a mashi aka zaga gari da shi, wannan ne abin rawa?

Ni dai a nan ba zan ce sun yi ƙarya ba. Su kansu 'yan majalisar sun san da wannan miki, shi ya sa dokar da ta kafa ranar ba ta faɗi shekara ba, mai so ya ce 1789 ake tunawa, mai jin nauyin jini ya ce a'a bikin haɗin kai na 1790 ne. Wayo kenan.

Amma inda nake ganin sun yi asara shi ne abin da suka ba talaka a madadi. Jamhuriya ta ba shi hutu da kiɗa da rawa a titi da wasan wuta, su kuma suka ce ya zo ya tuba. Haba! Kuma sarkin da suke jira, Kont na Shambor, a 1873 sarauta ta zo masa har bakin ƙofa ya ƙi karɓa saboda wai sai farar tutar kakanninsa ko a fasa, ya mutu a 1883 bai hau ba. Wanda kake wa yaƙi ya yi ƙememe a kan ƙyalle, zane nawa za ka yi?

Wasan lissafin ranaku ne ma ya fi burge ni. A 1878 'yan jamhuriya na bikin shekara 100 da mutuwar Baltiya (Voltaire), marubucin nan mai caccakar coci, ranar 30 ga Mayu, sai 'yan Katolika suka ce ai ranar ce aka ƙona Jan Dark, budurwar nan mai riƙo da addini da ta yaƙi Ingilishi don Faransa, a 1431, ita za mu karrama. A 1889 kuma ana cika 100 da juyin juya hali an kafa hasumiyar Ifel mai mita 300, su kuma suka ce mu 200 muke ƙirgawa daga 1689, shekarar da wata sistar coci a garin Paray-le-Monial ta ce an aiko ta ta gaya wa sarki ya miƙa Faransa ga Zuciyar Yesu, ba a yi ba, ga sakamako nan kun gani.

Farfagandarsu da ta daɗe kuwa ba a takarda take ba, da dutse aka yi ta. Farin cocin nan Sacré-Cœur da ke kan tudun Monmart a Paris, an fara shi a 1875 da kuɗin karo-karo, mutum ya sayi dutse guda a sa sunansa, a ciki an rubuta da Latin cewa Faransa mai tuba ce ta gina. 'Yan jamhuriya ba su rushe shi ba. Sai kawai suka sa wa titin da ke gefensa sunan wani saurayi, La Barre, da aka kashe a 1766 bisa zargin saɓo, ciki har da ƙin cire hula lokacin da jerin gwanon coci ke wucewa. Har yau in za ka aika wa cocin wasiƙa, sunan yaron nan za ka rubuta a adireshi.